Ogana ya ja da baya kan rajistar bizar H-1B, a gida kuma an sa ranar aurena

Assalamu alaikum Malam. Ni saurayi ne ɗan shekara 29, haifaffen Zariya. Na yi digirin farko a gida kan injiniyancin lantarki, na zo Amurka na yi na biyu, na gama a 2023. Tun daga nan nake aiki da izinin da ake ba ɗalibai bayan sun kammala karatu, wato OPT, a wani ƙaramin kamfani a jihar Ohio, mu 18 ne duka duka. Izinin nawa zai ƙare a watan Yulin bana, 2026. Bara kamfanin ya sa sunana a ƙuri'ar H-1B, wato bizar aiki da Amurka ke ba ƙwararru, ban fito ba, wannan karon kaɗai ya rage min. Ogana mutumin kirki ne, amma tun da ya ji labarin dala 100,000 da aka ɗora wa bizar, duk lokacin da na ɗauko maganar sai ya ce mu bari mu ga yadda za ta kaya. Ina jin nauyin matsa masa, don shi ya ɗauke ni lokacin da kowa ya juya min baya.

Wani ɗan'uwa a masallacinmu ya haɗa ni da wani mutum da ya ce in ba shi dala 3,500 ya sa sunana ta kamfanoni uku, wai hakan zai ninka min dama. Kuɗin suna hannuna, na sadaki ne da lefe.

A gida kuma an sa ranar aurena mako biyu bayan Babbar Sallah. Shekara uku ke nan yarinyar tana jirana, mahaifinta ya ce ba zai sake ɗaga rana ba. Bizar da ke cikin fasfona ta daɗe da ƙarewa. Babana shi cewa ya yi wannan abu caca ce, in tattara in dawo. Ban gaya wa kowa cewa zuwa bikin na iya hana ni komawa ba. Barci ya ƙaurace min. Ina mafita?

Ƙaninka, daga Ohio

Wa'alaikumus salam ƙanena. Allah ya yaye maka wannan damuwa. Sau uku na karanta wasiƙarka, kuma abin da ya fi tsaya min a rai shi ne layin da ka ce ba ka gaya wa kowa ba. Mutum huɗu ne ke jiranka: oganka, babanka, surukinka da yarinyar da za ka aura. Kowannensu rabin labari yake riƙe da shi, kai kaɗai ka ɗauki cikakken, shi ya sa barci ya gudu. Na san kunya ce da kara suka rufe maka baki, kuma halaye ne masu kyau da aka rene mu a kansu. Amma muna cikin Janairun 2026, rajistar kuma a Maris ake buɗe ta. Kunyar da za ta sa ka yi shiru har Maris ya wuce, ita za ta yanke maka hukunci a madadinka.

Bari mu fara shimfiɗa yadda abin yake, don duk maganar da za ka yi da kowa a kansa za ta hau. Bizar H-1B ta samo asali ne daga dokar shige da fice ta 1990, kuma a shekara guraben sababbin shiga 65,000 ne, sai ƙarin 20,000 da aka keɓe wa masu digiri na biyu ko sama da haka daga jami'o'in Amurka. Ma'aikaci ba ya yi wa kansa rajista. Kamfani ne ko lauyansa ke shiga shafin USCIS, hukumar kula da takardun shige da fice ta Amurka, ya sa sunan wanda yake son ɗauka, ya biya dala 215. Ƙofar takan zauna a buɗe kamar mako biyu a watan Maris, bana ma cikin azumi za ta faɗo, kafin ƙarshen watan a sanar da waɗanda suka fito. Wanda ya fito, kamfaninsa na da kwana 90 daga 1 ga Afrilu ya shigar da cikakkiyar takardar nema, fom I-129, aikin kuma ba ya fara ƙirguwa a sabon matsayi sai 1 ga Oktoba. Kai da ka yi digiri na biyu a can, in jami'arka ta gwamnati ce ko wadda ba ta neman riba ba, sau biyu ake jefa ka: a babbar ƙuri'a tare da kowa, in ba ka fito ba a sake jefa ka a ta 20,000 ɗin. Cunkoson ma ya ragu. A Maris 2023 rajistar da ta cika sharuɗɗa ta haura 758,000, a 2024 ta sauko kusan 470,000, a 2025 kuma kimanin 344,000. Ba na ce maka abin ya zama banza ba, amma ba irin na shekaru uku baya ba ne.

To, oganka. Ka sa kanka a kujerarsa na minti ɗaya. Mutum ne mai kamfanin ma'aikata 18, ya buɗe labarai ya ga an ce dala 100,000 kan kowane mutum ɗaya, kuɗin da wataƙila ya kai albashin injiniya na shekara. Duk wanda ya ji haka zai ja da baya, kuma ina kyautata zaton tsoro ne ya kama shi, bai gaji da kai ba. Mai son rabuwa da ma'aikaci ba ya cewa a bari a gani, shiru yake yi ya jira Yuli. Sanarwar da Shugaba Trump ya sa wa hannu a 19 ga Satumba 2025 gaskiya ce, ta shafi sababbin takardun da aka shigar daga 21 ga watan, an sa mata wa'adin wata 12 da ake iya sabuntawa, kuma an kai ta kotu. Sai dai bayanin da USCIS ta fitar a 20 ga Oktoba ya fayyace cewa kuɗin ya hau kan wanda ake nema wa bizar yana wajen Amurka, ko wanda aka nemi ya je ofishin jakadanci ya karɓa. Wanda yake cikin ƙasar da halastaccen zama, aka nemi a sauya masa matsayi daga ɗalibi zuwa ma'aikaci kuma aka amince da sauyin, wannan kuɗi bai hau kansa ba. Kai a wannan rukuni kake, muddin ba ka fita ba. Riƙe wannan "muddin" ɗin da kyau, za mu dawo kansa.

Abin da kamfani irin naku zai biya gwamnati in ka fito ya yi nisa da abin da oganka ke tsoro. Ga mai ma'aikata 25 ko ƙasa da haka, kuɗin fom dala 460 ne, kuɗin horar da ma'aikata 750, na yaƙi da zamba 500, na asusun masu neman mafaka 300. In ka haɗa, dala 2,010, sai ladan lauya. A Maris kuwa 215 ɗin nan kaɗai za a biya, kuma rajistar ba ta tilasta masa shigar da takarda daga baya in wani abu ya canza. Ina ganin bai san wannan ba, ko ya sani sama-sama.

Don haka ka daina ɗauko masa maganar a tsaitsaye, a bakin injin shayi ko yana ƙoƙarin shiga mota. Maganar tsaye amsar tsaye take samu. Rubuta masa gajeren imel ka nemi minti 20 na zama. Ka shiga da takarda guda ɗaya a hannu: ranar da izininka zai ƙare, lokacin rajista, waɗannan kuɗaɗe, da bayanin hukumar na Oktoba da ka buga daga shafinta. Ka fara da godiya, don ya cancance ta. Sannan ka ce masa kana son ci gaba da aiki da shi, kuma kana roƙon ya kira lauyan da ya yi muku aikin bara ya ji daga bakinsa, ya ba ka amsar i ko a'a kafin ƙarshen wannan wata. A wurinmu sa wa babba rana rashin ladabi ne, na sani. A wurinsu ma'aikacin da ya zo da ranaku da lissafi a rubuce shi ake gani mai hankali, wanda ya yi ta kewaye-kewaye kuma sai su ɗauka abin bai dame shi ba. Kada ka manta shi ma yana da abin da zai rasa: shekara biyu da rabi kana koyon aikinsu, in ka tafi sai ya nemo wani ya fara daga farko.

Abu ɗaya zan ja maka kunne a kai. Na san zuciyar Bahaushe, za ta raya maka ka ce masa ya cire kuɗin daga albashinka don ka sauƙaƙa masa. Kada ka furta. Doka ta hana a ɗora wa ma'aikaci kuɗin horarwar nan, kuma duk cirewar da za ta sauko da albashinka ƙasa da abin da aka yi wa Ma'aikatar Ƙwadago alkawari laifi ce a kan kamfanin. Kana son taimakonsa sai ka jefa shi rami. Abin da za ka iya biya da kanka, in don buƙatarka ake so, shi ne kuɗin duba takarda da gaggawa, wanda ke sa hukumar ta amsa cikin kwanakin aiki 15. Da lissafin da ke gabanka, ina ganin wannan ya fi cancantar kuɗinka.

Akwai kuma sabon abu bana da ya kamata ku tattauna a zaman nan. A ƙarshen Disamba 2025 aka fitar da ƙa'idar da aka sa ta fara aiki a 27 ga Fabrairun 2026, wadda ta sa ƙuri'ar ta daina zama kai ɗaya ƙwaya ɗaya. Ma'aikatar Ƙwadago dama ta kasa albashin kowace sana'a a kowane yanki hawa huɗu. Yanzu wanda albashinsa ke hawa na ɗaya sau ɗaya za a jefa sunansa, na biyu sau biyu, har zuwa na huɗu sau huɗu. Ka nemi lauya ya gaya maka hawan da albashinka ya faɗa a garinku. Da yake ana auna shi da yanki, albashin da bai kai komai ba a San Francisco yana iya zama hawa na biyu ko na uku a wani gari na Ohio. In ya kasance 'yan dubbai ne tsakaninka da hawa na gaba, kuma ka daɗe ba a yi maka ƙari ba, to ga dalili mai kyau na neman ƙarin. Amma ƙari na gaskiya, wanda zai fito a takardar albashi kowane wata. Abin da aka rubuta a rajista shi za a gwada da abin da aka shigar a Afrilu.

Kafin oga ya amsa, akwai aikin da naka ne kai kaɗai, kuma daren yau za ka iya farawa. Ɗauko fasfonka ka duba ranar ƙarewarsa. Da lambarsa ake yin rajista, kuma dole ya kasance mai aiki. In ya kusa mutuwa, ka fara neman sabuntawa a ofishin jakadancin Nijeriya na Washington ko ƙananan ofisoshin New York da Atlanta, ka kuma gaya wa lauya kafin ya sa lamba, don ya san wadda zai rubuta da yadda zai yi bayani in ta canza. Sannan ka baje takardunka a kan tabarma ɗaya: fasfo, kowace I-20 (takardar shaidar ɗalibi daga makaranta) da aka taɓa ba ka, katunan izinin aiki biyu, I-94 (shaidar shigowarka ƙasar), shaidar digiri biyu da sakamakonsu, takardun albashi. Ka karanta sunanka a kowace, harafi bayan harafi. Mu wannan ce cutarmu. Na taɓa zama da wani yaro muna wannan aiki, muka tarar a fasfo Muhammad, a shaidar jami'a Mohammed, a wata takardar kuma sunan garinsu ne ya zama sunan mahaifi, na mahaifin ya koma tsakiya. Shi bai taɓa lura ba, don a wurinsa duk shi ne. A wurin ma'aikacin da bai taɓa jin sunan garin ba kuwa mutum uku ne. Ana gyara irin wannan da takardar rantsuwa da bayanin lauya, amma a Janairu gyara ne, a Yuni tashin hankali. Ka kuma rubuta shafi ɗaya na ayyukan da kake yi kullum da darussan da ka karanta waɗanda suka koya maka su, domin zuciyar takardar nema ita ce nuna cewa aikin yana buƙatar irin digirinka.

Maganar mutumin dala 3,500 kuwa ba zan tsawaita ba: kada ka ba shi ko sisi. Abin da yake sayarwa ya mutu tun 2024, lokacin da hukumar ta koma zaɓen mutum da lambar fasfonsa. Ko kamfani goma suka sa ka, mutum ɗaya kake a cikin ƙwarya. Dabarar da yake tallatawa ita ce ta kumbura rajistar 2023, kuma saboda ita aka canza tsarin. Bana ma sai ta cuce ka, don a sabuwar ƙa'ida in an yi wa mutum rajista fiye da ɗaya, hawan albashi mafi ƙanƙanta ake ɗaukar masa. Oganka ya sa ka a hawa na biyu, kamfanin bogi ya sa ka a na ɗaya, ka biya kuɗi an rage maka dama. Mafi muni, duk mai rajista yana rantsuwa cewa akwai aiki na gaskiya a bayanta, kuma wanda aka kama da zamba a harkar biza ana iya haramta masa shiga Amurka har abada. Ɗan'uwan da ya haɗa ku wataƙila da zuciya ɗaya ya yi, ka gode masa, ka kuma gaya masa abin da na gaya maka don kada ya kai wani. In wani kamfani na gaskiya mai ofis da aiki yana son ɗaukarka, wannan halas ne ya yi maka rajista, kuma shi ne madogararka in oga ya ce a'a. Shi ya sa nake son amsarsa a Janairu, don ka samu Fabrairu na nema.

Yanzu mu zo inda ciwon yake. Babbar Sallah bana wajen ƙarshen Mayu za ta kama, ke nan bikinka a Yuni, daidai tsakiyar lokacin da takardarka za ta kasance a gaban hukuma in ka fito. Wanda ya bar Amurka ana cikin duba buƙatarsa ta sauya matsayi, ana ɗauka ya janye buƙatar. Daga nan ka koma rukunin masu karɓar biza a waje, kuma a nan dala 100,000 ɗin take jira. Kamfanin mutum 18 ba zai biya ba. Komawa a matsayin ɗalibi ma ƙofarta ta ƙuntata: bizar fasfonka ta ƙare, kuma sanarwar Disamba 2025, wadda ta fara aiki a 1 ga Janairun 2026, ta sa Nijeriya cikin ƙasashen da aka dakatar wa bizar ziyara da ta karatu da ta zama na dindindin. Gaskiya mai ɗaci ita ce, in ka hau jirgi a Yuni, ka hau shi da shirin zama gida. Ka kuma tambayi lauya yadda matakan da suka biyo bayan wannan sanarwa ke shafar saurin duba takardun 'yan Nijeriya a cikin Amurka, don lissafin ranakunka ya tsaya a kan ƙasa.

Yarinyar nan ita ta fi kowa haƙƙin jin wannan, kuma ita ya kamata ta fara ji. Shekara uku tana amsa tambayar 'yan'uwa a kowane biki da suna, ana cewa yaushe mutumin naki zai zo. Tana can tana zaɓen anko, ana lissafin kayan ɗaki, kai kuma ka san abin da ba ta sani ba. Kowace rana da ta wuce a haka, bashi kake ci a wurinta. Kira ta, ba saƙon rubutu ba, a lokacin da take ita kaɗai. Ka gaya mata komai da ranakunsa, sannan ka tambaye ta abin da ita take so, ka yi shiru ka saurara. Kada ka shiga kiran da hukunci a aljihu. Tana iya ce maka za ta jira, tana iya ce maka ta gaji, tana iya ce maka ita dama Amurkar ba ta dame ta ba, kai take so a Zariya. Kowace amsa ta ba ka, ta fi zaton da kake yi mata.

Mahaifinta kuma bai yi laifi ba. Uba ne da ya ga 'yarsa na zaman jiran gawon shanu, kuma ya ga irin alkawuran 'yan ƙasar waje da suka bi ruwa. Abin da yake nema tabbaci ne. Al'adarmu da addininmu sun ba ka hanyar ba shi: ɗaurin aure ba ya buƙatar ango a wurin. Wakilinka da waliyyinta su zauna a ranar da aka sa, a ba da sadaki, shaidu su shaida, a raba goro da alawa, ta zama matarka. Biki da tarewa a ɗaga su zuwa lokacin da takardunka suka nuna. Ka tura kawunka ko wani dattijo da surukin ke ganin girmansa ya kai wannan magana, kai kuma ka biyo baya da waya ka yi masa bayani da bakinka. Sai dai kada ka ɓoye musu rabin da ba shi da daɗi. Dokar shige da fice ta Amurka ba ta ƙirga auren da aka ɗaura ma'aurata ba sa wuri ɗaya, sai in sun haɗu sun zauna a matsayin miji da mata bayan ɗaurin. Ke nan ba za ta iya neman bizar H-4 ta matan masu H-1B ba sai ka je kun tare. Zuwanka kuma, ko bayan Oktoba, yana nufin sai ka shiga ofishin jakadanci a Abuja ko Legas an buga maka sabuwar biza kafin ka koma, kuma tun Yuli 2025 yawancin bizar da ake ba 'yan Nijeriya ta shiga sau ɗaya ce mai wata uku. Kada ka sayi tikiti sai lauya ya duba halin da ake ciki a makon da za ka tashi. Ni a ganina, in za a ɗaura aure a haka, a faɗa a gaban iyaye cewa akwai iyaka, misali in shekara ta zagayo ba a samu hanyar ɗaukarta ba, kai za ka dawo. Matar aure da aka bari a ɗakin uwarta ba wa'adi ta fi budurwa mai jira shiga ƙunci, don ita ba ta da damar cewa ta fasa cikin sauƙi.

Baba kuma, Allah ya ƙara masa lafiya. Ina zargin kalmar da aka fassara masa ce ta tayar masa da hankali, ko kuma ya tuna wancan shirin ƙuri'ar katin zama na dindindin a Amurka da ake cike fom a shagunan intanet, wanda aka cire Nijeriya daga cikinsa tun shirin 2015. A caca mutane ke zuba kuɗi, wanda ya ci ya kwashe na sauran. A nan gurabe ne ba su kai yawan waɗanda suka cancanta ba, sai aka raba da ƙuri'a, kuɗin da kamfani ke biya kuma na aikin rajista ne, ba wanda yake cin na wani. Ƙuri'a kuwa tana cikin Alƙur'ani: a Suratu Ali Imrana an ambaci jefa alƙaluma kan wanda zai reni Nana Maryamu, a Suratus Saffat an ambaci ta Annabi Yunusa a jirgi, kuma ya inganta cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yakan yi ƙuri'a tsakanin matansa in zai yi tafiya. Kada kai ka tsaya kana ja masa aya a waya, ɗa ba ya cin gardama da uba ko da shi ke da gaskiya. Ka roƙi malamin da Baba ya yarda da shi ya ji bayanin ya yi masa. Ka kuma saurari abin da ke ƙarƙashin maganarsa. Sau da yawa in tsoho ya ce abu haram ne ka dawo, kewa ce take magana. Shekara nawa rabonsa da ganinka? Ka ba shi rana shi ma: kafin ƙarshen Maris za a san sakamako, kuma a ranar za ka kira shi kafin kowa.

In ka fito kuma aka shigar da takardarka kafin katinka ya ƙare a Yuli, doka na tsawaita maka zama da izinin aiki kai tsaye har a yanke hukunci, iyakarsa 1 ga Afrilun baɗi, don haka ba za a samu giɓi ba. Ka matsa a shigar da wuri, tun a Afrilu, tunda takardar Ma'aikatar Ƙwadago da ake fara samowa kwanakin aiki bakwai take ɗauka.

In kuma ba ka fito ba, ko oga ya ce a'a, kana da kwana 60 bayan ƙarewar izinin ka shirya, ba tare da aiki ba. Kada ka bari sai lokacin ka fara tunani. Jami'o'i, da cibiyoyin da ke haɗe da su, da cibiyoyin bincike na gwamnati ko waɗanda ba na riba ba, ba sa shiga ƙuri'a sam, kowane wata suna iya nema wa mutum H-1B. Suna ɗaukar injiniyoyin lantarki a ɗakunan gwaji da sashen kula da gine-gine, albashin bai kai na kamfani ba amma ƙofar a buɗe take. Ka fara aika musu takarda yanzu. Digiri na uku ma hanya ce in har kana da sha'awar bincike, ka tuntuɓi malamin da ya duba aikinka na digiri na biyu tun kafin guraben kaka su cika. Ka yi hattara da makarantun da ke tallar izinin aiki tun ranar farko alhali ba a zuwa aji sai jefi-jefi, don suna iya ɓata maka tarihin zamanka. Kanada na da nata tsarin na maki da ba ya buƙatar ƙuri'a, ka duba shi. Sannan gida. Injiniyan lantarki mai digiri biyu da gogewar shekara uku, a ƙasar da kowane asibiti da masana'anta ke neman wanda zai haɗa musu sola da ta tsaya da ƙafarta, ba zai zauna hannu rabbana ba. Ka zauna ka yi lissafinsa da gaske kamar yadda kake yi wa Amurka: me ka tara, me za ka fara, wa ka sani a Kaduna ko Abuja. Wataƙila in kun yi magana da yarinyar ka tarar wannan hanyar ce ta fi kwanta muku, kuma in haka ne ba sai ka jira ƙuri'a ta zaɓa maka ba.

Kuɗin sadaki da lefe su zauna inda suke. Daren yau ka baje takardu, ka kuma kira ta kafin ta kwanta, ka tuna Zariya na gabanku da awa shida. Ranar Litinin imel ɗin oga ya tafi. In ka yi istihara ka samu amsarsa, rubuto min in ji abin da ya ce, da abin da ita ta ce, sai mu duba yadda za a tunkari surukin naka. Allah ya zaɓa muku mafi alheri.